Gayya a Zauren Malam Lado

Duk wanda ya taɓa bin lungun Inna Kubura a Limawa da hantsi ya san gidanta tun kafin ya ga ƙofa, domin hanci ne ke kai mutum. Shekara talatin da 'yan kai tana dafa kalwa, tana rufe ta har ta nuna, tana kirɓawa, tana shanya daddawa a kan tabarma, kaji na zagayawa daga nesa suna sha'awa. Gajeruwar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta girma. Abin da ya bambanta ta da sauran masu daddawa a Dutse shi ne biro. Kullum akwai biro a soke cikin ɗankwalinta. Duk ƙullin da za a aika wa wani, sai ta rubuta sunansa a jiki da manyan baƙaƙe, a hankali, harshenta a tsakanin haƙora, kowane harafi a tsaye daram kamar turken akuya.

In aka tambaye ta inda ta koyi rubutu, sai ta ajiye abin da ke hannunta, don amsar ba ta tsaye ba ce.

A Rafin Marke aka haife ta, wani ɗan ƙauye a ƙasar Aujara, inda gero da dawa ke rufe mutum da damina, Fulani kuma su sauko da shanu bayan girbi. A zamanin yarintarta takarda abin tsoro ce. Wani zai zo da ita a aljihu, a kira talaka, a kama babban yatsansa a tsoma cikin tawada a dangwala. Sai bayan wata biyu ya ji wai ya yarda an raba gonarsa, ko ya yarda an toshe burtalin da shanunsa ke bi zuwa mashaya. A cikin wannan hali Malam Lado ya taso. Ɗan manomi ne, ya yi karatun allo, ya tsinci boko a yawon cirani, ya dawo gida da magana guda a bakinsa: kada kowa ya ƙara sa yatsa a kan abin da bai karanta ba. Ya bi kasuwanni yana faɗa. Ya riƙa raka mutane gaban masu iko yana karanta musu takardunsu da ƙarfi, kowa na ji. Sau uku ana kulle shi, sau uku yana fitowa a rame, muryarsa kuwa ba ta rame ba. Da ya ga bakinsa kaɗai ba zai wadatar ba, sai ya gina zaure a ƙofar gidansa, ya shafa baƙi a bango ya zama allo, ya ce kowa ya zo. Manomi da makiyayi tabarma ɗaya. Maza da safe, mata bayan la'asar. Wannan na mata shi ya fi jawo masa zagi, shi ne kuma bai taɓa janyewa a kansa ba.

Kubura tana da shekara goma sha tara, da goyo a bayanta, ta fara shiga zauren. Ranar da ta rubuta sunanta daga farko har ƙarshe ba kuskure, Malam ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Yau kin zama mutum biyu. Ke, da wadda za ta tsaya miki a takarda."

Bana shekara talatin ke nan da rasuwarsa. Ɗalibansa sun watsu, wasu sun zama malaman makaranta, wasu ma'aikatan asibiti, wasu sun hau manyan kujeru sun sauka sun gina gidaje a Takur, unguwar manya a Dutse. Suna da ƙungiya, kuma ba su manta da shi ba. Kowace shekara sukan kama ɗakin taro a Dutse, a yi lacca, a ɗauki hotuna, a raba shinkafa da lemo. Inna Kubura ba ta taɓa fashi ba. Takan zauna a layi na uku, ta yi tafi in an yi, ta ɗan yi gyangyaɗi in jawabi ya yi tsawo.

Da bazarar bana ta je Rafin Marke suna. Da aka watse, ƙafarta ta ja ta zuwa zauren, kamar yadda ta saba ja ta tun tana matashiya. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Kusurwar rufin ta lotsa, gara ta cinye azara har rana na leƙowa. Bangon gabas, wanda ruwa ke duka, ya zaizaye har ana ƙirga tubalinsa. Awaki uku suna kwance a inda mata ke zama, suna tuƙa, suna kallonta kamar ita ce baƙuwa.

Misbahu ya fito daga cikin gida da fartanya a kafaɗa. Shi ne autan Malam, yanzu shi ma furfura ta fara kama masa gemu.

"Inna, sannu da zuwa. Kin zo ganin kango?"

"Zauren Malam kake ce wa kango?"

"To me zan ce masa?" Ya sauke fartanya. "Ni kaɗai ne, ga gona, ga iyali. Kowace shekara ina jin ku a rediyo kuna kiran sunan Baba, ana ta tafi. Ko mutum ɗaya bai taɓa zuwa ya ce, Misbahu, yaya bangon gabas ya kwana ba. Ruwan farko ne zai kwantar da shi, Inna. Ranar da ya faɗi, washegari zan share wurin in kafa injin niƙa. Aƙalla matan garin nan su huta da tafiya Aujara."

Ta sake duban bangon gabas. Gaskiya ya faɗa.

"In kuma bai faɗi ba fa?"

"In bai faɗi ba, naku ne. Ku zo ku yi karatunku."

Kwana biyu bayan haka ta ɗaura mayafi ta hau babur mai ƙafa uku zuwa Takur, gidan shugaban ƙungiya, Alhaji Abdurrahim. Babban ma'aikaci ne da ya yi ritaya, mutum mai tumbi da kwarjini, wanda matasa ke rusunawa tun daga bakin titi. Amma ɗan gwaggonta ne, ita kuma 'yar kawunsa. Taubasai ne, kuma tsakanin taubasai babu rusunawa.

Tun tana cire takalmi ya ɗaga murya, "A buɗe tagogi, mai daddawa ta iso!"

"Da ba don daddawata ba, ɗan mace, da wannan tumbin bai fito ba. Miyar gidanka da me take daɗi?"

Ta zauna ta ba shi labarin zaure tiryan-tiryan. Wayoyinsa biyu suna ta kuka, yana ɗaga wannan yana ajiye waccan, yana ce mata, "To, to, ina jin ki." Ta ce bana ba ɗakin taro. A ƙauye za a yi, a ƙofar Malam, kuma gayya za a yi. Kowa ya zo da hannunsa, a gyara zauren a yini ɗaya kafin ruwa ya sauka. A cikin duk maganarta, abin da ya shiga kunnen Alhaji shi ne "a ƙofar Malam". Nan take ya hango kansa a tsaye a wurin yana jawabi, tsohon zaure a bayansa, masu hoto a gabansa.

"Ikon Allah, yau mai daddawa ta kawo shawara," in ji shi. "Rubuta ki ba Zuhair, ya sanar."

Ta zaro biro daga ɗankwali, ta yagi bayan tsohuwar kalanda, ta rubuta:

ANA GAYYA A ZAUREN MALAM LADO ASABAR TA SAMA DA SAFE. KOWA YA ZO DA SHIRINSA.

Zuhair shi ne magatakardan ƙungiya. Ubansa ɗalibin Malam ne, amma shi a gidajen ma'aikata ya tashi, ya kai shekara arba'in bai taɓa ganin an taru ana yi wa mutum noma ko gini don fura da godiya ba. Gayyar da ya sani ita ce ta "da gayya ka taka ni". Ya gyara tabarau ya karanta takardar sau uku. Ana gayya a zauren Malam? Wa za a yi wa gayya, kuma a kan me? Sai ya yi murmushin tausayi. Tsohuwa ce, hannu ya gaji, ta tsallake harafi biyu. Ya cike mata su cikin ladabi, ya yi wa katin ado da ruwan zinariya, ya tura wa kowa ta waya. "Kowa ya zo da shirinsa" kuwa bai taɓa shi ba, don ya ga ya dace.

Inna Kubura ba ta ga katin ba. Wayarta ta kira ce kawai, kuma tun washegari ta bar wa maƙwabciyarta kalwar da ke kan wuta ta koma Rafin Marke.

Kwana goma ta yi ba ta zauna ba. Ta nemo Malam Jaji, tsohon maginin ƙauyen, ya zagaya zauren yana ƙwanƙwasa bango da sanda kamar mai gaida mara lafiya. Ya ce azara huɗu za a sauya, a sake ɗora ƙasar kusurwa, a yaɓe bangon gabas, a daɓe ƙasa.

"Aikin mutum arba'in ne, yini ɗaya," in ji shi. "In mutum huɗu ne, wata guda. Kuma ba mu da wata guda." Ya dubi gabas, inda hadari ke tasowa.

Aka kwaso ƙasa daga kududdufi a amalanke, aka jiƙa ta, aka zuba mata ramno, busasshiyar ciyawar da ke sa ƙasa ta kama, aka bar ta tana ruɓa. Inna Kubura ta bi masu sayar mata da kalwa gida-gida ta tara ɓawon ɗorawa, ta jiƙa a tukwane ya zama makuba, jan ruwan nan da ke sa daɓe ya yi ƙarfi kamar dutse. Ƙawarta Hindatu, Bafillatanar rugar bayan gari, ta sa 'ya'yanta suka jawo azara da shanu, ta kuma yi alkawarin nono ƙwarya shida.

"Kaɗo, kin tabbata mutanen nan naki za su zo?" in ji Hindatu. "Hannunsu fa ya yi laushi kamar man shanu."

"Za su zo, Fillo. Da hannuna na rubuta."

Mazan ƙauyen kuwa magana ɗaya suka ba ta. In 'yan birni sun tuɓe sun shiga ƙasa, su ma za su shiga. In tafi aka zo yi, sun gaji da tafi.

Asabar ta waye da zafi tun da sassafe, irin zafin da ke cewa ruwa yana hanya. Inna Kubura ta ɗaura tsohon zane, ta jera kwanduna da tulunan ruwa, ta tsaya tana duban hanya. Da hantsi ya ɗaga sai ga motoci. Ɗaya, biyar, goma sha biyu, har da doguwar bas. Zuciyarta ta yi fari tas. Ta juya ta dubi mazan ƙauye da ke zaune a gindin darbejiya, ta ɗaga musu gira.

Sai ƙofofi suka buɗe.

Shadda ce ta fara fitowa, wadda ta sha bugu tana ƙara in an motsa. Manyan riguna farare da shuɗɗa, huluna a karye gefe guda, takalma suna ɗaukar ido. Mata suka sauko cikin leshi, ɗaurin kai ya tashi sama kamar zai kira ruwa, turare ya doke warin ruɓaɓɓiyar ƙasa har ya kusa cin nasara. Suka tsaya cirko-cirko suna neman inda za su zauna. Daga gindin darbejiya wani ya yi tari, irin tarin da dariya ke ɓuya a cikinsa.

Zuhair ya ƙaraso da sauri, ya rusuna. "Inna, ina kwana. Masu rumfa ba su iso ba ne? Ban ga kujeru ba."

"Wace rumfa? Ina shirin naku? Ina cebur, ina kwando?"

"Cebur, Inna?"

Ya ciro waya ya nuna mata katin. Ta riƙe ta nesa da ido, ta bi haruffan da yatsa, tana furtawa kamar yadda aka koya mata a cikin zauren nan.

"Ga. Yya. Ta." Ta ɗago. "Zuhairu, wannan 'ta' ɗin ta wane ne?"

"Ai gyara na yi, Inna. Na ga kamar hannunki ya tsallake."

"Hannuna bai taɓa tsallake harafi ba tun kafin a yi maka aski!"

Malam Jaji ya fashe da dariya har sai da ya dafa bangon gabas, sannan ya tuna halin da bangon ke ciki ya janye hannu da sauri. Magana ta bi cikin jama'a kamar wuta a kara. Wasu suka yi dariya, wasu suka tsuke fuska suna duban takalmansu. Zuhair ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Alhaji Abdurrahim ya tako a hankali cikin farar babbar riga, aikin aska ya cika mata ƙirji. Ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ba komai, kuskure ne, kuma kowa na yi. A kawo tabarmi a shimfiɗa a inuwa. A yi jawabi, a yi wa Malam addu'a. Sati mai zuwa in sha Allahu sai a turo leburori."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Inna Kubura ta san satin mai zuwa na mutanen Takur, ta san yakan kai wata uku bai iso ba. Ta dubi gabas, inda wani siririn gajimare ya kwanta a bakin sama. Ta dubi Misbahu, yana tsaye a ƙofar gidan ubansa, hannu a harɗe, da guntun murmushin wanda abin da ya faɗa ya tabbata. Wannan murmushin ne ya fi yi mata zafi.

Ta sunkuya ta cika hannunta da ƙasa, ƙasar da ta kwana goma tana ruɓa, baƙa, mai danƙo. Ta taka har gaban Alhaji. Ta ɗora tafin hannun a tsakiyar aikin aska, ta shafa ƙasa-ƙasa har cibiya, a natse, kamar mai yaɓen bango.

Wata Hajiya ta yi salati. Direban Alhaji ya yi taku biyu ya tsaya. Da hannun wani ne, da maganar sai gaban alƙali. Amma duk ɗan Rafin Marke ya san hannun wace ce, da rigar wane ne.

"Ɗan mace," in ji ta, "riga dai ta riga ta ɓaci. Me ya rage?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa. Ya daɗe. Ya sa yatsu biyu ya ɗebo ƙasar, ya murza, ya kai hanci. Da ya ɗago, fuskarsa a murtuke take, amma ba irin murtukewar da ake jira ba.

"Wa ya kwaɓa wannan? Ramno ya yi kaɗan."

"Kai, Alhaji!" Malam Jaji ya zabura. "Ƙasar da na kwaɓa da kaina?"

"Na ce ya yi kaɗan! Ni na taka ƙasar zauren nan ina ɗan shekara goma sha biyu, Malam yana riƙe da hannuna kada in zame. Za ka gaya mini ƙasa?" Ya cire hula ya miƙa wa direba. Ya tattaro babbar riga ya fitar da ita ta ka, ya naɗe wando har gwiwa, ya tuɓe takalmi. Ƙafafunsa farare sol, kamar ba su taɓa ganin rana ba. "A ƙaro ramno. Mai daddawa, matsa, kina tare mini hanya."

Ya shiga ƙasa har ƙauri, ya yi tangal-tangal, ya tsaya. Sai Hindatu ta rangaɗa guɗa.

Ba kowa ne ya tsaya ba. Motoci uku sun juya a hankali sun kama hanyar Dutse, ba wanda ya bi su da ido. Sauran kuwa, da mutum ya ga shugaba cikin ƙasa, sai ya ji nauyin rigarsa ya dame shi. Cikin ɗan lokaci rassan darbejiya suka cika da manyan riguna, fari da shuɗi da ruwan ƙwai, iska na kaɗa su, takalma kuma sun yi sahu a inuwa kamar ranar Juma'a. Hajiya Mashkura, wadda ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa kafin ta yi ritaya, ta ci ɗamara da gyalenta ta ce a ba ta madaɓi. Mazan ƙauye suka dubi juna. Babbansu ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce, "To, sun tuɓe." Wani ya ruga gida ya ɗauko gangar noma.

Daga nan yinin ya zama waƙa. Kwanduna suna tafiya hannu zuwa hannu, daga tsohon shugaban makaranta zuwa makiyayi, daga makiyayi zuwa mai sayar da magani. 'Ya'yan Hindatu suka ɗaga azara, 'yan birni suka tara kafaɗa, Malam Jaji yana sama yana zagin kowa ba bambanci. "Kai mai gilashi, ba takarda ba ce, riƙe ta da ƙarfi!" Zuhair ya ɗauki kwando ya ƙi ajiyewa, ƙasa na zubo masa ta wuya. Matan da ke daɓe a ciki, suna yayyafa makuba suna duka, suka ƙaga masa waƙa nan take, wai Zuhairu mai ƙarin ta, ɗauko ƙasa ka biya ta. Da ya ji, sai ya ajiye kunya ya riƙa taka rawa da kwandon a kansa.

Inna Kubura tana ko'ina. Ta ɗebo ruwa, ta raba faɗan tsofaffi biyu a kan wanda ya fi iya yaɓe, ta ɗaure wa wani Alhaji yatsan da ya fashe. Sau ɗaya kawai ta tsaya, a bayan zaure inda ba kowa, ta goge ido da bakin zane, ta dawo tana faɗa a kan an bar tulu a rana.

Bayan azahar, ana shan fura, wani ya tuna. "Ranka ya daɗe, jawabin fa? An ce shafi tara ne."

Alhaji yana zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, ludayi a hannu, singiletinsa ta koma launin bango. "Jawabi yana aljihun riga, riga tana kan bishiya. Hindatu, ƙaro nono."

"Ka ga ɗan mace," in ji Inna Kubura. "Shekara talatin yana jawabi, yau ne ya yi mai daɗi."

Ba wanda ya ga lokacin da Misbahu ya bar ƙofar gida. Sai dai aka ɗaga kai aka gan shi a kan rufi, a durƙushe, yana karɓar indararo daga hannun Malam Jaji. Ya ce ba nan za a sa shi ba, a matsa kamu biyu zuwa kudu, nan ne ruwa ke taruwa tun yana yaro. Bai sauko ba sai da aka gama.

La'asar sakaliya aka ɗora hannu na ƙarshe. Bangon gabas ya yi sumul, sawun yatsu a jikinsa iri-iri, manya da ƙanana, har da wani mai zobe. Aka yi alwala, aka yi salla a fili, liman ya yi wa Malam Lado addu'a gajeruwa, amin ɗin kuwa sai da ta tashi tsuntsaye daga darbejiya. 'Yan birni suka sauke rigunansu, mafi yawa ba su iya sawa ba, suka naɗe a hammata suka shiga mota da ƙasa har kunne. Kafin Zuhair ya shiga, Inna Kubura ta kama hannun rigarsa ta ce tunda ya iya ƙara harafi, duk Asabar da safe ajin maza nasa ne. Ya ce ya ji ya karɓa.

Ita ba ta bi su ba. Ta ce sai ta ga abin da ruwa zai ce.

Kwana goma sha ɗaya rana tana gasa sabon rufi. Ranar Laraba bayan la'asar, mata goma sha huɗu suna zaune a kan sabon daɓe, wasu da goyo, wata da ƙwaryar nono a gefenta, Inna Kubura tana gaban bango da farin alli tana nuna musu yadda ake tsayar da harafin farko, sai haske ya ɗauke. Iska ta taso daga gabas da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta bugi ƙyaure. Aka yi tsawa guda, sannan sama ta buɗe.

Karatu ya tsaya. Ba wadda ta ce a duba, amma duk suka ɗaga kai. Ruwa yana dukan bangon gabas kamar ana casa, indararo yana kwarara a waje da murya mai kauri, su kuwa idonsu na kan azara, ɗaya bayan ɗaya, kusurwa zuwa kusurwa. Inna Kubura ta ajiye allin. Ta tashi ta je kusurwar da ta lotsa a da, ta miƙa hannu sama iya tsawonta, ta buɗe tafi ta jira.

Tafin ya zauna a bushe.

Ƙyaure ya buɗe, Misbahu ya shigo a jiƙe sharkaf, buhu a kansa. Ya sauke buhun. Ya zagaya bango yana shafawa, ya tsaya a tsakiya ya dubi rufi, ya daɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Kai ne kaɗai ke yoyo a ɗakin nan," in ji Inna Kubura. "Fita, kana jiƙa mana daɓe."

Matan suka kwashe da dariya, har jariri ya farka. Misbahu ma ya yi, dariyar da ta buɗe masa fuska gaba ɗaya. Ya koma bakin ƙofa, ya leƙa cikin gida ta cikin ruwan, ya ƙwalla wa matarsa kira.

"Ni'ima! Bar tuwon nan ki zo, an fara ba ke!"